Amsar tambayarka kan asambuli

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, hidimar gona ce ta hana ni zama. To ka ce tunda ka kama aikin koyarwa abin da ya fi gundurarka shi ne asambulin safe, a shanya yara a rana ana ta surutu, kuma kana son ka ji wai al'adarmu ce ko kuwa kayan Turawa ne da ya kamata a yar.

Jeruwa layi-layi da maci da ganga da tuta, wannan kam boko ya zo da su, a makarantar allo ba mu san su ba, can zobe ake yi a zagaye wuta kowa da allonshi. Amma abin da anka zuba cikin asambulin namu ne, kunya da ganin idon jama'a, kuma shi ya sa ta yi aiki a zamaninmu.

Mu lokacin da munka shiga firamare ko jihar Kebbi babu, sai 1991 anka yanke ta daga Sakkwato. Kafin ƙarfe bakwai mun riga mun dawo daga allo, an sha kunu ko ɗumame, kowa ya ɗauki tsintsiyarshi don sai an share fili tas, 'yan mata sun cika randunan aji da ruwan rijiya. Ƙararrawar tamu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne rataye a dogon yaro, in monita ya doka shi har bakin kasuwa ana ji, uwaye ma da shi suke sanin lokaci. Da hunturu kuwa sai ka tausaya muna, gajeren wando, ba takalmi, ƙafa duk faso, haƙora na kaɗawa, wanda uwarshi ta shafa mishi man gyaɗa shi ne ɗan gata.

Ana buɗewa da Fatiha da addu'a, sannan taken ƙasa da alƙawarin nan na biyayya ga Najeriya da anka shigo da shi 1976. A 1978 anka canza taken, malamai su kansu da takarda a hannu suke koya muna, mu kuwa muna ta rera Turancin da ba mu san ma'anarshi ba. Da anka dawo da tsohon a 2024 dariya ta kama ni, don mu tsofaffi mun fi ku iya shi.

Sai dubawa, nan ne ake yinta. Kowa ya miƙa hannuwa, malam na tafe da rula yana duban farce, a buɗe baki a ga ko an yi asawaki, a duba kai ko da makero ko kwarkwata, a duba tsakanin yatsu saboda ƙazuwa. Mai ƙazuwa gida ake maida shi sai ya warke, ka ga ai asibitin garin ke nan tunda ba mu da likita kusa. Wanda ya yi na ɗaya a kira sunanshi da na ubanshi a tafa mishi, wanda ya saci alli ko ya yi faɗa a hanya shi ma a kira shi da sunan ubanshi, kuma wallahi kafin a tashi tara labari ya riga shi isa gida. Abin da yaro ke tsoro ke nan, ba bulalar ba. Uba ya ji an ambaci gidanshi gaban yaran gari duka, ai da dare sai an sake sabon zama.

Bulalar kuwa ba zan yabe ta ba. Akwai malamin da kan tare 'yan latti a bakin ƙofa ya sa su tsallen kwaɗo da kamun kunne har su kasa tafiya, alhali yawancinsu daga ƙauyukan fadama suke takowa a ƙasa, wasu sai sun kai dabbobi kiwo tukuna. Yara da dama saboda shi sunka bar karatu sunka koma su da noman shinkafa. Da UPE, shirin nan na karatun firamare kyauta ga kowa, ta zo 1976 yara sunka yi yawa, wasu azuzuwan ƙarƙashin itace, duba farcen kowa ya gagara, daga nan ne abin ya fara zama tsayuwa da dogon jawabi kawai irin wanda kake kuka da shi.

Ni dai shawarata kar ka je wurin hedimasta da maganar a soke, ba zai ji ka ba, kuma kai sabo ne. Ka roƙa a gajarta, in zafi ya shigo wajen Maris da Afrilu a maida su inuwa, a riƙa duba jikinsu da gaske ko da aji ɗaya ne kullum, kuma wanda ya yi abin kirki a kira shi da sunan mahaifinshi. Na laifi kuwa ka fara samun uban a gida tukuna, iyayen yanzu ba su ɗaukar abin da namu sunka ɗauka.

Ka gaida mamanka, ka ce mata shinkafar na nan tafe in an gama sussuka.