Lita Nawa Ke Cikin Rijiyata? Lissafin Da'ira da Ƙwallo a Waya

Tambaya: Malam, ina noman rani a yankin Kura. Faɗin bakin rijiyata mita 1.2 ne, zurfin ruwan kuma mita 3. Na buga lissafi a waya, ta ce akwai lita sama da 13,500, amma da na kunna inji nan da nan ruwan ya ƙare. Ko wayar ce ta samu matsala?

Amsa: Alhaji, wayarka lafiyarta ƙalau, abin da ka ba ta shi ta lissafa. Ka saka faɗin bakin gaba ɗaya, alhali rabinsa ake so, wato daga tsakiyar rijiya zuwa gefe. Naka mita 0.6 ne. Wannan kuskuren yana damuna ƙwarai, domin ninka amsa yake yi har sau huɗu, sai mutum ya shuka filin da ruwansa ba zai iya ɗauka ba.

Buɗe kalkuleta ka nemi alamar π, wadda ake kira fai, lambar lissafin da'ira mai kimanin 3.14. Idan ba ka gan ta ba, kwantar da wayar a kaikaice, a yawancin wayoyi sauran maɓallan za su bayyana. Buga π × 0.6 × 0.6, za ka ga 1.13. Girman filin bakin rijiyar ke nan. Ninka shi da zurfin ruwa, wato 3, ya zama 3.39. Kowane ɗaya a nan lita 1,000 ne, don haka kana da kimanin lita 3,390, jarka mai cin lita 25 guda 135 da ɗan ɗori.

A kula, ruwan kaɗai za a auna, ban da busasshen wurin da ke sama. Ɗaura dutse a igiya ka zura har ƙasa, ka auna iya inda ta jiƙe. Tankin roba mai tsaye ma haka ake masa. In murfi ya hana ka auna faɗinsa, zagaya shi da igiya, ka raba tsawon igiyar da π, faɗin zai fito.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a Maraɗi. An ce mu nemo girman cikin ƙwallon da kewayenta santimita 69 ne. Na buga 69 ÷ 2 × π, na samu 108. Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, kuma ya ƙi karɓar 3.14.

Amsa: 'Yata, baka-biyu kika manta. Rubuta 69 ÷ (2 × π), za ki samu kusan 11, rabin faɗin ƙwallon ke nan. Daga nan sai 4 ÷ 3 × π × 11 × 11 × 11, ya ba ki kimanin 5,575. Kowane 1,000 a nan lita 1 ne, wato lita 5 da rabi da 'yan kai. Idan fatar waje aka tambaya, 4 × π × 11 × 11 ne, kimanin 1,520.

Batun Excel kuwa, da alama an saita kwamfutarki da Faransanci, inda ake rubuta 3,14 da waƙafi maimakon ɗigo. Ni dai shawarata ki bar buga lambar da hannu. Saka rabin faɗin a gidan A1, sannan a wani gida ki rubuta =4/3*PI()*A1^3. Wannan PI() ɗin 3.14159265358979 yake bayarwa, ya fi 22/7 da ake sakawa a madadin π daidaito, domin 22/7 tun daga lamba ta uku bayan ɗigo yake kaucewa. Sai dai a ɗakin jarrabawa, in takarda ta ce 22/7, da shi za ki yi aiki.