Wane Contra ne kake nufi, kuma me ya hana lambar rai talatin shiga

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana neman sunan wani gem na kaset mai sojoji biyu, ɗaya da shuɗin wando ɗaya da ja, akwai bindigar da ke watsa harsashi, kuma an ba ka lambar rai talatin ka danna a waya ta ƙi. Sunan ba shi da wahala, dangin Contra ne na kamfanin Konami. Amma dangin suna da yawa, kowanne da tasa lambar, don haka sai an fara tantance wanda ke hannunka.

Dubi yadda matakin farko yake buɗewa. Idan daji ne da ruwa a ƙasa, ga gada tana fashewa a ƙarƙashin ƙafarka kana gudu, a ƙarshe ka tarar da katanga mai bindigogi biyu da jan ido a gindinta, wannan Contra na farko ne, wanda ya fito a na'urar NES ta kamfanin Nintendo a 1988. Matakinsa na biyu cikin sansani ne, kana kallon bayan sojan, gabansa akwai shingen lantarki da ke kama shi in ya matsa kafin ya fasa abin da ke bango. Na uku hawan dutse ne a gefen ruwa mai zubowa. Matakai takwas ne gaba ɗaya. Idan kuwa jirgi mai saukar ungulu ne ya sauke ka a farko, sannan a mataki na biyu ana hango sojan daga sama kamar taswira, to Super C ne na 1990. Mutane da yawa suna haɗa su a ƙwaƙwalwa saboda wandunan iri ɗaya ne, bindigar S mai harsashi biyar ma tana cikin duka biyun. Akwai kuma Probotector, wato Contra na farkon ne da aka sayar a Turai, aka cire mutane aka sa mutum-mutumi. In kuma a Sega ka buga shi, kana zaɓar jarumi cikin huɗu har da mai kan kyarkeci, wannan Contra Hard Corps ne na 1994, ba ruwansa da lambar da aka ba ka.

A Contra na farko lambar ita ce sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sannan Start. A allon suna ake danna ta, da hannun gem, wato abin dannawa, na ɗan wasa na ɗaya, kafin gem ɗin ya gaji da jira ya fara nuna wasan gwaji da kansa. In wasan gwajin ya fara, ka koma allon suna ka sake daga farko. In ku biyu ne, bayan A sai ka danna Select alamar ta sauka kan 'yan wasa biyu, sannan Start, kowa ya samu talatin nasa. A Super C kuwa dama, hagu, ƙasa, sama, A, B, Start ne, kuma a bugun Amurka rai goma take bayarwa, a na Japan talatin.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne Contra ba ya yin wata ƙara da zai nuna lambar ta shiga. Kuma 'yan tamburan rai da ke saman allo ba sa wuce huɗu ko nawa kake da su. Sai mutum ya ga huɗu ya ce ai ƙarya ce. Ka duba baƙin allon da ke fitowa kafin mataki ya fara, inda aka rubuta REST, nan ainihin adadin yake.

Tunda a waya kake bugawa, zargina na farko yana kan B da A. A hannun NES na asali B yana hagu, A yana dama. A hannun Xbox da ire-irensa na bulutut, A yana ƙasa, B yana dama, kuma manhajar kunna tsofaffin gem irin RetroArch tana bin wurin da maɓalli yake ne, ba harafin da aka rubuta a kansa ba. Sai ka danna abin da idonka ya ga B, gem ya karɓi A. Maganin wannan, ka shiga wasan ka gwada. Wanda ke harbi shi ne B, wanda ke tsalle shi ne A. Ka manta da haruffan, ka riƙe cewa ƙarshen lambar harbi ne sannan tsalle.

Na biyu, kusurwa. In da sandar da ake murzawa kake dannawa, ko da maɓallan da aka zana a gilashin waya, yatsa yana zamewa daga ƙasa zuwa hagu, gem ya karanta ƙasa da hagu a haɗe, jerin ya karye. Ka ɗaga yatsa sarai bayan kowace dannawa. Sauri ba ya cikin sharaɗi, tsabtar dannawa ake so. In manhajar tana bari a ƙara girman maɓallan allo, ka ƙara.

Na uku ya fi shafar masu na'urorin kwaikwayon Famicom, wato NES na Japan, masu kaset rawaya. Hannunsu yakan zo da maɓallai huɗu, biyu daga ciki na turbo ne, waɗanda ke maimaita dannawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Don harbi suna da daɗi, don lamba kuwa guba ne, domin B ɗaya ake so sai su aika da yawa. Manhajojin waya ma suna da irin wannan zaɓi, ka tabbata a kashe yake. Haka nan in kana buɗe wasan daga ajiyar da manhaja ta yi maka a tsakiyar mataki, ka riga ka tsallake allon suna, sai ka sake kunna gem ɗin daga tushe.

Sai batun kaset ɗin nan masu cewa 9999 a cikin 1. 'Yan gem ƙalilan ne a ciki, ana maimaita su da sunaye daban-daban, kuma galibi an taɓa su. Wani Contra ɗin an yanke masa allon suna, yana jefa ka cikin wasa kai tsaye, to a ina za ka danna lambar? Amma sau da yawa ba ka ma buƙatarta. Ka bi jerin sunayen ƙasa-ƙasa, wani zai fara da kai da rai masu yawa, wani da bindigar S a hannu, wani daga mataki na gaba. Lambar da aka rubuta a bayan sunan ba kashi na biyu ko na bakwai take nufi ba, gem ɗaya ne aka sauya masa mafari. Fayil ɗin da aka kwafo daga irin wannan kaset haka zai yi a waya, don haka ka nemi wanda ke nuna allon suna cikakke.

Lambar Game Genie wata aba ce daban, kada a haɗa. Ita haruffa shida ne ko takwas, ana rubuta su a sashen satar hanya na manhajar, ba a danna su da hannu. SLAIUZ ita ke hana rai ƙarewa a Contra bugun Amurka. Da yake irin wannan lamba wani gurbi take sauyawa a cikin shirin gem ɗin, in ka sa ta a bugun da ba nata ba, ko dai ta ƙi aiki ko wasan ya daskare. A ganina ma rai talatin ya fi ta armashi, domin in babu tsoron mutuwa, Contra tafiya ce kawai daga hagu zuwa dama. Kuma talatin ɗin suna dawowa duk lokacin da ka zaɓi ci gaba bayan sun ƙare, har sau uku.

Asalin lambar rai talatin ɗin a Gradius take, wani gem na Konami na 1986. Kazuhisa Hashimoto, wanda ya yi aikin mayar da gem ɗin kan Famicom, shi ya saka ta don ya samu sauƙin gwaji, aka bar ta a ciki. A can sai ka dakatar da wasa kake danna ta, makamai take bayarwa. A Gradius III na Super Nintendo kuwa tarko aka ɗana da ita, in ka danna yadda ka saba jirginka ne zai tarwatse, sai ka sa L da R na saman hannu a madadin hagu da dama.

In za ku buga ku biyu, wanda ransa ya ƙare yana iya danna A ya ɗauki rai daga na abokinsa ba tare da izini ba. A matakin hawan dutse kuma, na sama in ya yi gaggawa allo yana binsa, na ƙasa ya faɗi ya mutu. Ku yi tsalle tare, mai bindigar S ya kasance a gaba.