Tambaya da Amsa: Marayun maƙwabcina na so in sa lakwal

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti, ni ɗan kasuwa ne nan Tahoua. Maƙwabcina ya tafi bida Libiya Allah ya yi mashi rasuwa can, ya bar mata da ɗiya uku, babbar shekara 8 ba ta taɓa shiga aji ba wallahi abin na damuna kullum na gan ta da tiren talla. Ina iya fidda kamar jika 10 duk wata. In ɗauko su gidana ne ko in riƙa ba uwar kuɗin?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan shi, kai kuma Allah ya saka maka. Annabi (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya ce haka zai kasance da mai kula da maraya a aljanna, hadisin na cikin Buhari.

Ni dai shawarata kar ka raba su da uwarsu. Sun rasa uba, kar su rasa ɗakin uwa kuma. Ka je kai da maiɗakinka ku zauna da ita da dangin uban a yi magana a fili, don gobe kar wani baffa ya taso ya ce an ƙwace masu ɗiya.

Kafin kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, tambayi takardar haihuwa tukuna. Yara da yawa a unguwanninmu gida aka haife su ba a kai sunansu meri, wato ofishin magajin gari, ba, in lokacin ya wuce sai an bi ta wurin alƙali ya ba da takardar da ke maye gurbinta, kuma rashinta kan tare yaro ranar da ya zo jarabawa bayan duk wahalar da aka sha, to gara ka fara da ita tun yanzu kafin a koma aji watan Oktoba.

Lakwal ta gwamnati ba a biyan kuɗin karatu, amma fa akwai kaye, ardwaz, alli, takalmi, ɗan abin da kwamitin iyaye ke tarawa, sai kuɗin rekirasiyo, wato na sayen abin ci lokacin hutun tsakiyar karatu, wanda mutane ke rainawa alhali yaron da ya fito da yunwa ba ya jin abin da malamin aji ke faɗi. Kayan ka saya da hannunka, ka je ka ga darakta ya san fuskarka. Sauran kuɗin ka ba uwar, kuma a nan ka sa hankali sosai: tallan yarinyar nan shi ke kawo cefane, in ka sa ta aji ba ka toshe wannan ramin ba, wata biyu za ka sake ganin tire a kanta. Ko ɗan jari ka haɗa ma uwar ta soya ƙosai ko wani abu a ƙofar gida.

Firamare shekara 6 ce, daga CI, ajin farko, har CM2, ajin ƙarshe. Ka lissafa da shekarar da kasuwa za ta yi sanyi. In jika 10 ba za ta riƙe uku ba fara da babbar tunda shekarunta na tafiya, ƙannen ka nemi abokan kasuwa biyu su kama maka. Makarantar allo kuma kar a yanke masu ita, da marece suna iya zuwa.

Don Allah banda ɗaukar su hoto ana sa wa a Facebook, yaran za su girma su gani.