Fatawa: Shin Lauya Zai Iya Neman Kujerar Shugabanci a Ƙungiyar Lauyoyi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni lauya ne, shekarata 12 ina wannan aiki. Zaɓen reshenmu na Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, ya ƙarato, kuma abokan aiki sun matsa mini in fito takarar shugaban reshe, kujerar da ke kai mutum cikin majalisar zartarwa ta ƙasa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hadisin da na ji tun ina Islamiyya, cewa ba a ba wa wanda ya nemi mulki mulki. Mu kuwa sai mutum ya cike fom da hannunsa, ya bi ofis-ofis yana neman ƙuri'a. Sannan magoya bayana sun ce in ware kuɗi in biya wa ƙananan lauyoyi kuɗin izinin aiki na shekara, tunda wanda bai biya ba ba ya zaɓe. Sun ce kowa haka yake yi. Mene ne hukuncin wannan duka?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Barista, tsayawar takarar ta halatta gare ka idan ka san za ka iya riƙe kujerar. Biyan kuɗin nan kuwa domin a zaɓe ka bai halatta ba. Ga dalili.

Hadisin da ka ji ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya roƙi shugabanci, domin idan aka ba shi saboda roƙo za a bar shi da shi, idan kuwa aka ba shi ba da roƙo ba za a taimake shi a kansa. Haka kuma lokacin da wasu mutum biyu suka zo tare da Abu Musa al-Ash'ari suna neman a naɗa su, sai ya ce shi ba ya ɗora wanda ya roƙi wannan aiki a kansa, ko wanda ya yi kwaɗayinsa. Saboda haka tsoron da ya kama ka yana da tushe, kuma na ji daɗin cewa ya kama ka. Da yawa ba sa tambaya sai bayan sun sha rantsuwa.

Sai dai ba a ɗaukar nassi guda a rufe ido ga sauran. Annabi Yusufu, alaihis salam, da bakinsa ya ce wa sarkin Masar: "Ka sanya ni a kan taskokin ƙasa, lalle ni mai tsarewa ne, masani." Wannan yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 55. Ya nemi aikin, ya kuma faɗi abin da ya sa ya cancanta, alhali sarkin ba a kan addininsa yake ba. Usmanu ɗan Abil As ma ya ce wa Annabi ya sanya shi limamin mutanensa, Annabi bai tsawata masa ba, ya ce kai ne limaminsu, ka lura da mai rauninsu. Malamai sun haɗa waɗannan nassoshi da cewa abin da aka hana shi ne kwaɗayin kujera domin girma da abin duniya, ko neman wanda bai iya ba. Malamanmu na Malikiyya sun fayyace wannan a babin alƙalanci. Shaihu Khalil ya ce karɓa, har ma da nema, yana zama dole ga wanda babu mai iyawa sai shi, ko wanda ya ji tsoron haƙƙi zai tozarta idan bai hau ba, kuma haramun ne ga jahili da mai neman duniya. Idan haka ne hukuncin kujerar alƙali, wadda ake yanke jini da dukiya a kanta, to kujerar wakiltar abokan sana'a ta fi sauƙi.

Akwai kuma bambancin tsari. A zamanin Annabi shugaba ne ke duba mutane ya zaɓi wanda ya dace, don haka wanda ya kutsa kai ya jawo wa kansa zargi. A ƙungiyarku babu mai naɗawa. Tun zaɓen 2016 aka koma kowane lauya da ya cika sharuɗɗa yana da ƙuri'arsa a zaɓen ƙasa, ta intanet, maimakon wakilai ƙalilan da ake turawa a da. A irin wannan tsari, wanda bai cike fom ba babu hanyar da za a zaɓe shi, ko da ya fi kowa cancanta. Idan masu tsoron Allah duka suka noƙe, kujerar ba za ta zauna wayam ba, wani ne zai hau. Cike fom a nan sanar da mutane ne cewa ga ni idan kuna so, musamman ga wanda abokan aikinsa ne suka taso shi kamar yadda ka faɗa.

Wani zai ce ai ƙungiya ce da aka gina a kan dokokin da mutane suka rubuta, me ya kai Musulmi shugabancinta? Wannan ba hujja ba ce mai ƙarfi. Annabi ya halarci ƙawancen da Ƙuraishawa suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin aiko shi, na cewa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, kuma bayan Musulunci ya ce da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Ka tuna abin da ya faru a watan Disamba na 2017, da aka hana wata 'yar'uwa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja saboda hijabinta, sai a watan Yuli na 2018 aka rantsar da ita da hijabin. A zaurukan manyan lauyoyi aka tattauna wannan magana har aka warware ta. Wanda ba ya cikin zaure ba ya da bakin magana. Kuma 'yan'uwanku sun riƙe shugabancin ƙungiyar na ƙasa baki ɗaya, kamar A. B. Mahmoud daga 2016 zuwa 2018. Ba baƙon abu za ka fara ba.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau, domin a nan haɗarin yake.

Kuɗin izinin aiki wajibi ne a kan kowane lauya ya biya wa kansa kafin ƙarshen watan Maris. Na san halin da ƙananan lauyoyi ke ciki. Akwai wanda ke sa baƙar riga ya tsaya gaban alƙali da safe, da yamma kuɗin mota na gagarar sa. Taimaka wa irin wannan sadaka ce mai lada. Amma ka tambayi zuciyarka abu biyu. Bara, da babu zaɓe, ka biya musu? Kuma idan ɗaya daga cikinsu ya ce maka a fili shi abokin hamayyarka zai zaɓa, za ka biya masa? Idan amsar a'a ce, to ƙuri'a kake saye, ko da an kira abin tallafi ko kyautatawa. Annabi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Ƙuri'a shaida ce. Mai jefa ta yana cewa ne wannan mutum shi ya fi dacewa a ganina. Kai da ka san hukuncin wanda ya saya wa shaida baki a kotu, yaya za ka sayi shaidar abokin aikinka? Sannan ka jefa yaron cikin halaka, domin cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika alkawari, in ba a ba shi ba ya saɓa.

Maganar kowa haka yake yi ba ta halatta komai. Idan da gaske tausayin yaran nan kake ji, ka zuba kuɗin a asusun jin daɗin 'yan reshe ba tare da sunanka ba, ko ka jira a gama zaɓe ka biya wa wanda ya zaɓe ka da wanda bai zaɓe ka ba. Abin da ya fi wannan ma shi ne ka sa maganar albashin ƙananan lauyoyi cikin manufofinka, ka fara da na ofishinka. Ruwa da lemo da za ka ajiye wa waɗanda suka zo sauraron manufarka ba komai, wannan karamci ne na al'ada, matuƙar bai saɓa wa ƙa'idar kwamitin zaɓe ba. Ka sa hannu a kan waɗannan ƙa'idoji, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Faɗin cancantarka ya halatta gwargwadon buƙata, kamar yadda Annabi Yusufu ya yi, kalma biyu ya faɗa ya tsaya. Ka faɗi abin da ka yi da gaske, kada ka yi alkawarin abin da kujerar ba ta da ikonsa. Abokin takararka kuwa namansa haramun ne a gare ka kamar na kowa. Idan ka san wani abu tabbatacce da ya shafi amanar kujerar, ka kai wa kwamitin zaɓe da hujja. Abin da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp da sunan an ce, ka hana magoya bayanka, domin da sunanka suke yi. Kada kuma ka ce a zaɓe ni don ni Musulmi ne ko don ni ɗan gari ne. Karɓa-karɓa tsakanin shiyyoyi da ƙungiya ta amince da shi sharaɗi ne da za a mutunta, amma shugaban reshe na Musulmi ne da Kirista, kuma Allah ya ce a Suratul Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci.

Kafin ka miƙa fom ɗin, ka san nauyin abin da kake nema. Annabi ya ce wa Abu Zarri, sahabin da babu mai shakkar gaskiyarsa, kai mai rauni ne, kuma ita amana ce, kuma ranar alƙiyama wulaƙanci ce da nadama sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa. Ka ga ke nan kirki kaɗai bai isa ba. Tsarin mulkin 1999 ya ba lauyoyi kujeru 5 a hukumar NJC, wato hukumar kula da harkokin alƙalai ta ƙasa, waɗanda ake naɗawa bisa shawarar majalisar zartarwar da kake son shiga, kuma suna zama ne a kan naɗin alƙalan manyan kotuna. Wata rana za a tambaye ka game da mutumin da ke neman alƙalanci, wataƙila amininka, wataƙila wanda ya tsaya maka a zaɓe. Wata rana talaka zai kawo ƙorafin lauyan da ya cinye masa kuɗin diyya, lauyan kuma yana cikin waɗanda suka yi maka kamfe. Allah ya ce wa Annabinsa a Suratun Nisa'i kada ka zama mai kare maha'inta. Idan ka san a irin wannan rana gwiwarka za ta yi sanyi, to kana cikin waɗanda hanin ya shafa, ka bar wa wanda ya fi ka ƙarfin zuciya ka mara masa baya.

Idan ka faɗi zaɓe ka karɓa, ko ka bi hanyar ƙorafi da ƙungiya ta tanada. Rikicin zaɓe a taron NBA na Fatakwal na 1992 ya bar ƙungiyar nan ba shugabancin ƙasa har 1998, a daidai lokacin mulkin soja da aka fi buƙatar muryarta.

Ka yi istihara, ka shawarci wani dattijon lauya da ba ya cikin masu zuga ka. Ka kuma duba fayilolin da ke kan teburinka. Akwai mutanen da suka riga suka ba ka amanarsu, wataƙila har da wanda ke tsare a gidan yari yana jiran shari'a. Idan taron ƙungiya zai sa a riƙa ɗage ƙararsa, to sai ka tanadi wanda zai tsaya masa da yardarsa kafin ka fito, domin haƙƙinsa ya riga na kujerar hawa kanka.

Allah ne mafi sani.