Filin Tambaya da Amsa: Kulob Ɗin Dambe, Gyara Yaro Yake Ko Ƙara Masa Faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 13, ga saurin fushi, kullum sai an kawo ƙararsa daga makaranta. Yanzu ya matsa sai an sa shi a kulob ɗin dambe. Anya ba ƙara masa faɗa zan yi ba? (Daga wata uwa)

Amsa: Wa'alaikumussalam, Hajiya. Tsoronki yana da tushe. A 2005 masu bincike biyu a Norwe, Endresen da Olweus, sun fitar da sakamakon bibiyar yara maza 'yan shekara 11 zuwa 13, inda suka ga waɗanda suka shiga dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe sun ƙara faɗa a waje. Amma tun a 1986 Michael Trulson a Amurka ya gwada taikwando, wasan naushi da shuri na Koriya, a kan samari masu rikici har wata shida. Waɗanda aka haɗa musu atisaye da ladabi da kame kai, zafin zuciyarsu ya ragu. Waɗanda aka koya wa duka zalla kuwa, abin nasu ƙaruwa ya yi. Mu a ganinmu, koci da dokokin wurin su ne abin duba tun kafin sunan wasan.

Don haka kada ki biya kuɗin rajista sai ke ko mahaifinsa kun zauna kun kalli atisaye daga farko har ƙarshe. Ku lura da karawar gwaji musamman, domin a nan halin koci yake fitowa. Sabon shiga bai kamata ya kara da kowa ba sai ya yi watanni yana koyon tsayuwa da taku da kare fuska da dukan buhu. In lokacin ya yi, a haɗa shi da tsaransa a nauyi da ƙwarewa, koci yana tsaye a kansu, kowa da robar kare haƙora da manyan safar hannu. Inda kuka ga an sakar wa sabon yaro wani gwani wai don a gwada zuciyarsa, ko ana yi wa wanda aka doke dariya, ku kama hannun ɗanku ku fita. Ku kuma tambayi koci kai tsaye: me kake yi wa yaron da ya yi faɗa a waje? Kulob nagari dakatar da shi yake. Wurin da ake hana iyaye shiga, ko ake rufe ƙofa da babba ɗaya da yaro ɗaya, ba wurin zuwa ba ne.

Sai batun kai. A 2011 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada sun ba da shawarar kada yara su yi damben da ake naushin kai. Hular kariya tana rage tsagewar fata, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza cikin ƙoƙon kai. Ga ɗan shekara 13 mun fi son judo (salon kokawar Japan) ko kokawa, ko kuma damben da ba a taɓa kai. In ya bugu ya ce kansa na ciwo, ko jiri, ko ya yi amai, ko ya rikice, atisayen ranar ya ƙare, kuma ba zai koma ba sai likita ya duba shi.

Tambaya: Mu matasa ne, muna son buɗe wurin atisaye don janye ƙannenmu daga zaman banza da shaye-shaye. Ta ina za mu fara? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Malam, Allah ya taimaka. Abin yana aiki. Muhammad Ali yana ɗan shekara 12, a 1954, ya fara dambe a hannun ɗan sanda Joe Martin a birnin Louisville na Amurka, bayan an sace masa keke. Ƙungiyar Luta pela Paz, da Luke Dowdney ya kafa a 2000 a unguwar Maré ta Riyo de Janero a Brazil, da dambe take jawo matasa, amma ta haɗa musu da karatu da neman sana'a. Wannan haɗin ne mutane suke mantawa da shi.

Ku fara da lokaci: bayan tashi daga makaranta zuwa faɗuwar rana, ranaku tsayayyu da ba sa canzawa. Ku buɗe littafin halarta, wanda aka yi sati ba a gani ba a je gidansu. Ku samu aƙalla manya biyu masu koyarwa, ɗaya ya iya taimakon gaggawa, domin kulob ɗin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya yana mutuwa ranar da mutumin ya tafi. Kada ku bi zakaru ku bar sauran, mafi yawan yaran ba za su taɓa shiga gasa ba, kuma su ne dalilin buɗe wurin. Ku haramta wa yara hana kansu ruwa don rage nauyi kafin awo. Katifar atisaye kuwa a goge ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane zama, mai makero ko buɗaɗɗen ƙurji ya huta har sai ya warke.