Amsoshin Tambayoyinku: Zan Sayi RX-7 Mai Turbo, Me Zan Duba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina sha'awar Mazda RX-7, samfurin FD (wato zubi na uku na motar) mai turbo biyu, kuma ga shi na samu wata ta hannu, ƙirar 1994. Mai ita ya ce injin lafiyarsa ƙalau, har ya ƙara wa turbo ƙarfi. Ban taɓa riƙe mota mai irin wannan inji ba, abokaina kuma sun ce in yi ta kaina, wai ba ya ƙarko. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka suna da 'yar gaskiya, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar ƙarin ƙarfin turbo. Zan dawo kanta.

Injin da ke cikin motar nan, 13B-REW, ba shi da fistan ko ɗaya. Majuyi ne guda biyu, kowanne mai kusurwa uku, suna juyawa cikin gidansu, a kan ƙirar da Bajamushe Felix Wankel ya faro. Girmansa duka lita 1.3 ne, amma yana ba da ƙarfin doki wajen 255, yana kuma hawa har juyi 8,000 a minti ba gargada. Da inji na wannan dangi, mai majuyi huɗu, Mazda ta lashe tseren motoci na awa 24 na Le Mans, a Faransa, a 1991. Saboda haka ba injin banza ba ne. Rauninsa yana bakin kowace kusurwa, inda aka dasa wani siririn ƙarfe mai tare iska, wanda makanikai ke kira efeks sil. Idan ya cinye ko ya karye, matsi ya zube, kuma babu gyaransa sai an sauke inji an warware shi gaba ɗaya.

Don haka kada ka ba da ko kafin alƙalami sai an yi gwajin matsi. Na'urar da ake gwada injin fistan ba za ta gaya maka gaskiya sosai ba, domin kowane majuyi fuska uku gare shi. Ana buƙatar na'urar injin majuyi, wadda za ta fitar da lamba shida, a kuma yi gwajin inji yana da zafi. Mizanin Mazda shi ne kada lambar ta gaza kilo 7 a kan kowace murabba'in santimita idan an daidaita ta da juyi 250 a minti, kuma kada fuskokin su yi wa juna nisa. In mai motar ya fara kame-kame a kan wannan gwaji, ka yi masa sallama.

Akwai abin da za ka iya gwadawa da kanka. Ka roƙe shi kada ya tada motar kafin ka iso. Ka tada ta a sanyi, ka tsaya bayan salansa: farin hayaƙi mai yawa mai ɗan ƙanshin zaƙi yana nuna ruwan lagireto na shiga cikin inji, wato robobin da ke raba ruwa da wuta sun ƙone. Sannan ka tuƙa ta har ta yi zafi sosai, ka kashe, ka sake murza makulli. Injin majuyi da ya gaji yakan tashi lafiya da safe amma ya yi ta jan numfashi in ya yi zafi. Masu sayar da irin wannan mota sun san haka, shi ya sa wasunsu ba sa son a kashe ta a tsakiyar gwaji.

Yanzu batun turbo. Biyun ba tare suke fara aiki ba: na farko yana ja tun daga ƙasa, na biyu ya shigo wajen juyi 4,500. A motar da ba a taɓa ba, agogon matsin turbo yakan nuna psi 10 (psi ma'aunin matsin iska ne), ya faɗo 8 a daidai wurin canjin, ya koma 10. Tarin ƙananan tiyo da bawul-bawul ne ke tafiyar da wannan tsari, kuma zafin da ke ƙarƙashin bonet ya shafe sama da shekara talatin yana gasa su. In allurar ba ta bi wannan tsari ba, akwai aiki a gabanka. Shi kuma ƙarin ƙarfi, idan an yi shi ba tare da an ƙara fetur ɗin da ke shiga ba, ba a kuma sake saita kwamfutar motar ba, wuta takan tashi kafin lokacinta, kuma bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya fasa efeks sil. Injin fistan yakan jure irin wannan na ɗan lokaci. Wannan ba ya jurewa. Ka tambaye shi wa ya yi saitin, da wace kwamfuta, ina takardu. In amsar ita ce "wani yaro ne ya ɗan taɓa," ni dai da zan bar masa kayansa in nemi wadda take yadda ta fito daga kamfani, ko da ta fi tsada.

Ka leƙa ɓangaren ruwa ma. Akwai wani ɗan tankin roba mai raba iska da ruwan sanyaya inji, ya yi suna wajen fashewa. Masu kula sukan musanya shi da na alminiyam, haka ma lagireto. Ganin an yi hakan alama ce ta mai mota da ya san abin da ya riƙe. Zafin da ya wuce kima, ko sau ɗaya tak, yana iya gama da injin nan.

Shawarata: ka saya in lambobin sun yi kyau, in akwai makanikin da ya san injin majuyi inda za ka iya kaiwa gare shi, in kuma bayan ka biya kuɗin motar akwai na sauke inji a ajiye. In ɗaya daga cikin ukun nan babu, ka dakata.

Tambaya: Malam, na ji an ce motar tana shan baƙin mai. Lalacewa ce?

Amsa: A'a, haka aka ƙera ta. Akwai ɗan famfo da ke fesa baƙin mai cikin ɗakin wuta don sil-sil ɗin su samu santsi, man kuma ya ƙone tare da fetur. Ka riƙa duba sandar mai duk bayan ka sha fetur sau ɗaya ko biyu. Wasu ma sukan zuba ɗan man babur mai bugu biyu a tanki don ƙarin kariya. Fetur kuwa sai mafi inganci, kuma tana shan sa ba tausayi.

Tambaya: Zan iya mayar da ita motar zuwa aiki kullum? Ko RX-8 ta fi?

Amsa: In tafiyar gajeriya ce, ba ta dace ba. Tadawa da kashewa kafin inji ya yi zafi yana jiƙa falogi da fetur har ta ƙi tashi, kuma injin yana son a riƙa buɗe masa wuta lokaci-lokaci don kada dauɗar hayaƙi ta taru. An daina ƙera RX-7 a 2002, kayan gyaranta sai da jira, don haka ka tanadi wata motar ta yau da kullum. RX-8, magajiyar RX-7 mai injin majuyi, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2012, ta fi sauƙin kuɗi, tana da kujera huɗu, amma ba ta da turbo. Ita ma sai an yi mata gwajin matsi, kuma ka sa a duba kwayil ɗin wutarta, don suna saurin mutuwa.