Tambayoyinku: Yara da Littattafan Ban Tsoro

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ɗan shekara 9 ya aro littafin Turanci na fatalwa a makaranta, ba ya ajiye shi. Tun da ya karanta wa ƙanwarsa 'yar shekara 5 wani yanki, ta daina zuwa banɗaki ita kaɗai da dare. In ƙwace littafin ne? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ƙwace, ki dai raba shi da kunnen ƙanwar. Yaron da bai kai shekara 7 ba bai gama bambance ƙagaggen labari da gaske ba, kuma kamanni ne ke firgita shi: jajayen idanu, zaƙo-zaƙon haƙora, hoton da ke bangon littafin. Ki lulluɓe bangon da takarda. Ɗan shekara 8 zuwa 12 kuwa ya san ƙirƙira ce, faɗuwar gaban ma daɗi take masa. Don tsaransa aka rubuta irin jerin Goosebumps da R.L. Stine ya fara fitarwa a Amurka a 1992. Abin da ke hana wannan tsara barci shi ne abin da zai iya faruwa da gaske, kamar satar mutane, gobara ko rasuwar iyaye, kuma wannan shi za ki fi sa wa ido.

Ki karanta babin farko da biyun ƙarshe kafin ki bar masa. Ki duba ko yaron labarin ya tsira da dabararsa, kuma ko ba a tsaya ana zayyana jini da yanka ba. Lokacin karatu ya zama bayan la'asar, a rufe littafin aƙalla awa guda kafin kwanciya. Inda iyaye suka fi kuskure shi ne cewa "ƙarasa babin nan ka kwanta". Marubutan nan da gangan suke yanke babi daidai inda ƙofa ta fara buɗewa da kanta, sai yaro ya kwanta da abin a ransa. Ya shiga shafi biyu na babi na gaba, inda galibi ake gane ashe kyanwa ce, sannan ya ajiye.

Ita kuma ƙaramar, a raka ta da tocila ba tare da tsokana ba, a yi mata addu'ar barci. In an yi wata guda abin bai lafa ba, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ta daina, a ga likitan yara.

Tambaya: Ina koyar da Hausa a aji huɗu na firamare. Ɗalibaina sun matsa sai na kawo labarin aljanu ko na mayu. Wanne ya dace? Daga wani malami a Maraɗi.

Amsa: Malam, ka ba su labarin Dodo. Shi Dodo a tatsuniya yake zaune, ana shiga da "ga ta nan, ga ta nanku", a fita da "ƙurunƙus", yaro ya san an rufe. Aljani kuwa ba za ka ce musu babu shi ba, tunda sun karanta Suratul Jinni a Islamiyya, saboda haka tsoron yana bin su har gida, ya tare a tsamiyar unguwa. Labarin maita ya fi damunmu ƙwarai. Yaro zai ji an siffanta mayya da tsohuwa mai zaman kaɗaici, gobe ya nuna wata baiwar Allah a layinsu, kuma irin wannan ƙazafin ya sha jawo duka har da kisa.

Ka nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, ka zaɓi wadda za ta ƙare cikin minti 15, domin kada a tashi aji Dodo bai sha kaye ba. In akwai waƙa a ciki, su riƙa amsawa tare, hakan na rage fargaba. Ka sauke murya a wurin ban tsoro, amma ban da ihun ba-zata. Mai toshe kunne ko mai yawan neman izinin fita, ka dawo da shi bencin gaba kusa da kai, ka raɗa masa tun da wuri cewa yarinyar da ke cikin tatsuniyar za ta kuɓuta.